Ranar da Na Gyara Bindigar Babanmu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, kuma ko na so mantawa mutanen Toranke ba za su bar ni ba.

Babanmu maharbi ne. Da ya rasu, abin da na fi ƙwallafa rai a kai cikin kayansa shi ne bindigarsa ƙirar gida, wadda ƙotarta ta yi baƙi saboda gumin hannunsa. Matsalar ita ce ƙaninsa, Baffa Sale, wanda suka yi shekaru suna shiga daji tare, shi ma yana so. Aka kai magana gaban Sarkin Baka, shugaban maharban garinmu, ya yanke hukunci a taƙaice: ranar Asabar za a rataye duma a jikin kukar bayan gari. In na fasa, bindiga tawa ce. In na kuskure, ta koma ɗakin Baffa, don ba a barin bindigar maharbi a hannun wanda zai mai da ita adon bango.

Ni kuwa a lokacin ban daɗe da dawowa daga Kano da takardar difloma ba, ina tafe ina jin kaina kamar ni na kawo wa garin lantarki. Ban taɓa harbin ko kurciya ba. Amma na kalli bidiyon harbi a waya har idona ya yi ja, kuma a ganina wannan ya fi shekara talatin ɗin da Baffa ya yi yana bin sawun zomo.

Da na ɗauko bindigar na duba, nan take na gano ciwonta. Ɗan ƙarfen nan na bakinta, wanda ake daidaita ido da shi wajen saiti, a karkace yake, ya kwanta gefen hagu. Na yi tsaki. Na ce ka ji aikin ƙauye, mutum ya ƙare rayuwarsa da karkataccen saiti, kuma a rasa mai ilimi ko ɗaya da zai gaya masa! (Allah Ya yafe mini, har tausayin marigayin na ji.)

Ban shawarci kowa ba. Na naɗe ta a buhu, na ɗaure a babur, sai Gaya wajen wani mai walda. Mutumin ya jujjuya ta, ya ce, "Malam, wannan fa kamar da gangan aka kwantar da shi."

Na ce, "Kai dai miƙar, aikinka ke nan."

Har da rula na je, irin ta 'yan makaranta. Na tsaya a kansa ina aunawa, ya miƙar da ƙarfen ya tsaya cak. Na dawo gida ina jin na yi wa zuriyarmu gata.

Ranar Asabar da hantsi maharba suka hallara da karnukansu da layunsu, ga 'yan kallo har da masu dawowa daga gona. Ni kuma na iso cikin wando mai aljihu shida da baƙin gilashi. Aka rataye duma. Sai na kafa sanda kamar kamu biyu daga hagun duman, na ɗaure wayata a kai tana ɗaukar bidiyo, don duniya ta ga yadda ilimi ke fasa duma.

Baffa ya karɓi bindigar zai ɗura mini, tunda ko ɗurin ban iya ba. Idonsa na sauka a bakinta sai ya tsaya. Ya daɗe yana shafa ƙarfen da babban yatsansa.

"Wa ya taɓa wannan?"

Na ce, "Ni na sa aka gyara, Baffa. Ai a karkace yake. Shi ya sa kuke wahala."

Kuke wahala! Ni na faɗa, da bakina, a gaban Sarkin Baka. Baffa bai yi faɗa ba. Ya miƙo mini ita ya ce, "To. Amma da ka matsar da wayarka dama, ɗana."

Na yi dariya, na ce ya kwantar da hankalinsa, na auna komai.

Na durƙusa da gwiwa ɗaya kamar yadda na gani a bidiyo, na rufe ido ɗaya, na ɗora ƙarfen nan miƙaƙƙe a tsakiyar duma, na riƙe numfashi, na ja kunama. Ƙara ta tashi, ƙota ta daki kafaɗata, na zauna daɓas a ƙasa, gilashi ya yi nasa wuri. Da hayaƙi ya washe, ga duma nan yana lilo abinsa, ko ƙwarzane babu. Sanda ce babu komai a kanta. Wayata, malamata, ta watse a gindin kuka kamar an fasa ƙwai.

Sai wani tsoho daga baya ya ce, "Kai, yaron nan gwani ne! Ai wayar ta fi duman ƙanƙanta."

Dariyar da aka yi, har karnuka sai da suka yi haushi. Sarkin Baka ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa suna rawa. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar rani ce, ta ƙi.

Baffa ne kaɗai bai dara ba. Ya ɗauki bindigar, ya zauna, ya sami ɗan dutse ya fara ƙwanƙwasa ƙarfen a hankali yana mai da shi hagu. Yana yi yana magana, ba tare da ya dube ni ba.

"Tun daga maƙera bututunta yake jan hagu. Yaya bai yar da ita ba. Rani uku ya yi yana bugun ƙarfen nan kaɗan-kaɗan, ya harba, ya duba, ya sake bugawa, har ido da harsashi suka haɗu wuri ɗaya. Ba a karkace yake ba. Hannun ubanka ne."

Wannan ta fi dariyar zafi. A duk jikin bindigar nan abu ɗaya ne babanmu ya yi da hannunsa, kuma shi na ɗauka har Gaya na sa aka goge. Na ji kunya, na kuma ji kewarsa irin wadda ban ji ba ko ranar jana'iza.

Baffa ya ɗura, ya harba, ya ɓare gefen duman kawai. Ya girgiza kai ya ce bai dawo daidai ba, sai a hankali, in ma zai dawo. Ya rataya ta a kafaɗa ya yi gida da ita.

Yanzu tana ɗakinsa. Yakan bar ni in bi shi daji in riƙe masa gora, kuma a garin sunana ya koma Mai Rula. Na haƙura, ni na saya wa kaina. Abin da dai na koya shi ne, in na ga abu a karkace a gidanmu, ko murfin tukunya ne, sai na tambayi wanda ya karkatar da shi kafin in kai hannu.