Takardun Alhaji da Na Ƙona

Da na fita takaba, na buɗe akwatin mijina, malamin fiziks, Allah ya jiƙansa. Na tarar da takardu cike da da'irori da kibau. Ban tambayi kowa ba, na yanke cewa hatimai ne. Don kada a ce marigayi ya taɓa tsibbu, na ƙone su ƙurmus.

Sai ga abokin aikinsa, Malam Yohanna, ya zo gidanmu a unguwar Badariya karɓar takardun don a buga su littafi.

"Hajiya, binciken rayuwarsa ne, kan yadda ƙananan ƙwayoyin halitta ke aiki: atam ya yi karo da molekul, ya sakar masa ilektaron, molekul ya ɗauki cajin negatif."

Na nuna masa tokar. Ya zauna a ƙasa, na fashe da kuka.

Har yau in na shigo, jikokina kan ce, "Ku ɓoye littattafanku, ga Kaka da ashana!"