Layar da na sa wa ordinater

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da yammacin da na kira Isufu maha'inci a bakin shagonsa, mutane suna zaune suna jiran shayi na biyu.

Bari in fara daga tushe. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mini akwati biyu na takardun ajami: waƙoƙin wa'azi, wasiƙun fatake, tarihin gidanmu. Gara ta fara cin gefensu. Aka ba ni shawara in ɗauki hotonsu in adana a ordinater, wato kwamfuta. Isufu, wanda ya yi karatu a zauren mahaifina kafin ya tafi Dirku ya koyo gyaran na'urori, yana da shago a unguwar Dagmanet. A wurinsa na sayi kayan haɗa ta ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Malam, kawo in haɗa maka, aikin awa guda ne." Na ce a'a. Na kalli bidiyo a waya har sau bakwai (a lokacin gani nake wanda ya iya karanta rubutun kakansa ba wasali, babu abin da zai gagare shi).

To, a gidanmu akwai al'ada. Sabon abu ba ya fara aiki sai an yi masa rubutu. Sirdin raƙumi, ƙofar shago, motar da za ta shiga sahara, duk mahaifina ya yi musu. Na rubuta addu'ar tsari, na kai wa maƙeri ya rufe ta cikin jan ƙarfe, siririya, gwanin kyau. Da yake yanzu akwai masu yi wa irin wannan kallon banza, sai na nemi inda ido ba zai kai ba. Na tura ta ƙarƙashin babban allon nan da suke kira kart mer, na ɗaure kusoshi tam.

Na yi bismilla, na danna. Fankar ciki ta motsa kaɗan, kamar mai barci da ƙuda ya taɓa, ta tsaya. Wani ɗan wari ya tashi. Na ce warin sabon kaya ne.

Kwana uku ina fama. Na cire ƴan sandunan ƙwaƙwalwarta na goge da bakin rawani. Na canza igiyar wuta. Na ɗauke ta zuwa gidan maƙwabci mai sola, ko wutarmu ce ba ta da ƙarfi. Na tuhumi ekran, wato gilashin da ke nuna hoto, na tuhumi zafin gari, na tuhumi bakin mutane. Kowa na tuhuma ban da ni. A rana ta uku shaiɗan ya gama hukunci: Isufu ya sayar mini da gawa.

Bayan la'asar na ɗaura ta a bayan babur na tafi. Na tarar da mutum biyar ko shida a bakin shagon, cikinsu har da wani mai haƙar zinariya, mutumin Maraɗi, da ya kawo na'urorin neman ƙarfe guda uku gyara. Isufu ya miƙe.

"Malam, sannu da zuwa. Ga kujera."

"Riƙe kujerarka. A zauren ubana ka koyi alif, yau ni za ka sayar wa juji? Wannan ha'inci ne, Isufu. Ka ji tsoron Allah."

Mai shayi ya tsaya da buta a sama. Mutumin Maraɗi ya dubi abokin tafiyarsa, ya ce, "Malami guda ya ce haka, mu kuma mi muke jira?" Suka kwashe na'urorinsu suka tafi. Isufu ya bi su da ido.

Ya ɗauki turnabis, ya kwance kusoshin a hankali, ya ɗaga allon. Ga layata nan kwance, gefenta ya yi baƙi, bayan allon kuma da tabon ƙuna daidai girmanta.

"Malam, mi ne ne wannan?"

Na ce, "Tsari ne." (Wallahi da muryar da ban san ina da ita ba.)

"Ƙarfe a ƙarƙashin wuta?" in ji mai shayi. "Malam, ai ka yi mata tsari daga aiki!"

Aka fashe da dariya. Wani har da buga cinya. Isufu kaɗai bai yi ba, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Ya goge layar da gefen rigarsa, ya miƙo mini da hannu biyu saboda sunan Allah da ke ciki.

Washegari na je gidansa neman gafara. Ya karɓe ni a zaure, ya sa aka kawo ruwa.

"Na yafe, Malam. Amma a kasuwa ka zubar, ka zo zaure kwasa."

Gaskiya ce. Na koma shagon, na tsaya inda na tsaya jiya, na ce ni ne mai laifi. Mutum biyu ne kawai suka ji, su ma sun riga sun sani. Mutumin Maraɗi ya shiga mota tun da safe ya koma daji wurin haƙa, inda mutane ɗari-ɗari ke zaune ba su da abin yi bayan aiki sai labari. Ya tafi da rabin farko na labarin. Wa zai bi shi da na biyun?

Isufu ya haɗa mini wata, tana aiki lafiya. Yana gaishe ni, yana tambayar iyali, amma ya daina zuwa zaurenmu ranar Juma'a, kuma ban ga masu zinariya a bakin shagonsa kamar da ba.

Shekara arba'in ina koya wa mutane cewa wani sashe na zato zunubi ne. Yanzu idan abu ya ƙi tashi a hannuna, na san wanda zan fara bincika, kuma ba sai na hau babur ba kafin in same shi.