Rasuwar Alhaji Haɗiyau, Bidiyon Zauren Nababa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da sallamawa ga abin da ba shi da makawa, ni Nababa Mai Bidiyo na Tsamiyar Dabo, ƙasar Minjibir, a madadin kaina da tsofaffi huɗun da suka rage a benci, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar abokin zamana, bidiyon nan mai cin kaset, wanda gari ya sani da Alhaji Haɗiyau. Ya cika ranar Talata bayan la'asar, yana da shekara talatin da ɗaya a hannuna, ban da waɗanda ya yi a ƙasarsu ta haihuwa, da ba mu da labarinsu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tambayi Liman, ya ce ko igiyar takalmi ce ta tsinke ana iya faɗa, saboda haka kada kowa ya harare ni.

Marigayin bai sami Alhajinsa a banza ba. A cikin kayan wani mahajjaci ya sauka daga Jidda, naɗe da bargo, tsakanin dabino da zamzam. Haɗiyau kuwa ya samo shi ne daga yadda yake karɓar kaset. Kana kai masa baki zai ja da kansa, "ƙurrr, ƙas," ba godiya ba ƙorafi.

Mutum ne mai haƙuri. An mare shi a gefe sau ba adadi idan hoto ya yi rawa, bai taɓa ramawa ba. Ya shaƙi ƙaiƙayin gero na kaka talatin. Ɓera ya haihu a bayansa, bai kai ƙara ba. Ga kiyaye lokaci: ba ya buɗe baki sai an idar da la'asar, kuma ana kiran magariba zai yi shiru, ko da jarumi na rataye a bakin dutse da hannu ɗaya.

Babban aikin da muka yi tare shi ne gano dangantakar tsofaffin finafinai. Ba na jin Indiyanci, ba na jin yaren 'yan China, Turancina bai wuce na rubutun bayan mota ba. Amma mai tsintar gyaɗa ba sai ya ji yarenta yake sanin mai kyau da ruɓaɓɓiya ba. Kaset ɗari biyu da goma sha huɗu na raba gida-gida, kowane gida da buhun takinsa, da rubutu da gawayi a jiki.

Akwai buhun 'yan'uwan da suka ɓace wa juna a tashar jirgin ƙasa, su girma ɗaya ɗan sanda ɗaya ɓarawo, sai waƙar da uwarsu ta koya musu ta haɗa su. Akwai buhun da ake kashe malami tun kafin mu gyara zama, ɗalibinsa ya hau dutse ya shekara yana ɗiban ruwa, ya sauko ya daki gari guda. Akwai na baƙon da ke shigowa gari a kan doki, babu mai tambayarsa ɗan gidan waye, ya harbe mutum tara ya tafi ba sallama. Buhun da ya fi nauyi shi ne na bos mai surutu, wanda ya kama jarumi ya ɗaure, maimakon ya gama da shi sai ya tsaya ba shi tarihin rayuwarsa. A nan Indiya da China da Amurka suka zama 'yan ɗaki ɗaya. Ɗanasabe, wanda ya fi kowa daɗewa a benci kuma ya fi kowa musu, shi ya lura da wani gidan, na ba shi ladansa: finafinan da ruwan sama ke sauka kamar da bakin ƙwarya, amma babu wanda ya ɗauki iri ya nufi gona, sai rawa. Har yau abin na ci masa rai.

Ban taɓa ganin kaset ukun da zan kasa faɗin abin da ya haɗa su ba. Daga Ɗambatta ma an zo an gwada ni, an koma da kunya. Na faɗi wannan ba don alfahari ba, sai don a gane girman abin da ke tafe.

Shekara shida da suka wuce, bayan rasuwar matata Sa'adiyya, Allah ya jiƙanta, na buɗe akwatinta na tarar da kaset bakwai ɗaure da ƙyallen zaninta. Kaset ɗin da na yi ta cigiya ne, har na zargi mutanen kirki. Uku na Indiya, biyu na China, ɗaya na masu doki da bindiga, ɗaya kuma na wani kare da ya bi sawun ubangidansa. Ba rubutu, ba alama. Matar da ba ta taɓa zama a benci ba, wadda kallonta duka ta wata 'yar huda ce a bangon da ya raba zaure da cikin gida, ta yi nata gidan a ɓoye, ta tafi ba ta faɗa mini sunansa ba.

Tun daga ranar ni da marigayin ba mu huta ba. Na ce doki ne, biyar suna da doki, biyu babu. Na ce gada ce, na ce mutuwar uwa ce, na ce jar riga ce. Kowane hasashe sai kaset ɗaya ya tashi ya ƙaryata ni. Samari suka koma kallo a waya, benci ya yi sanyi, ban damu ba. Abin da nake so in sani ɗaya ne, me Sa'adiyya ta gani da ni gwanin gari na kasa gani. Kuma duk faɗin ƙasar nan Alhaji kaɗai ya rage mai iya buɗe mini waɗannan kaset.

Ciwon ajali ya fara ne da damina. Tari ya soma, "ƙar-ƙar-ƙar," sai hoto ya riƙa karkarwa kamar mai masassara. Aka goge masa kai da auduga, ya ɗan ji sauƙi. Daga baya ya fara tauna kaset yana amayar da zare. Ranar kasuwa na rungume shi a mota zuwa Ɗambatta wurin Sha'aban mai gyara, wanda ya buɗe cikinsa, ya yanka robar tayar keke ya ɗaura masa a madadin bel. Ya ce in kai shi gida in kyautata masa, irin kayan cikinsa ko a birni an daina ganinsu. Ranar Talata na miƙa masa kaset na bakwai, na karen nan. Ya karɓa da ladabi kamar kullum. Ya ce "ƙurrr," bai kai ga "ƙas" ba. Sai "ɗif." Har yanzu kaset ɗin na cikinsa.

Ya rasu ya bar talabijin ɗaya, wadda tun ranar ba ta nuna komai sai yayyafi. Da janareta mai ciwon ƙirji. Da benci huɗu. Da marayun kaset buhu goma sha ɗaya. Akwai kuma rimot, wanda ya bar gida shekara ashirin da suka wuce. Duk inda yake, a sanar da shi.

Ina godiya ga masu zuwa gaisuwa, har da waɗanda suka zo don su yi dariya. Cikinsu akwai Aina'u, aminiyar Sa'adiyya tun suna 'yan mata. Da na kai mata kukana cewa amsar ta tafi ke nan, sai ta rufe baki da mayafi tana dariya har da tari.

"Haba Malam Nababa," in ji ta, "ai duk matan unguwa sun sani. Kaset bakwai ɗin nan, waɗanda suka sa ka kuka ne, kana cewa hayaƙin janareta ne ya shiga idonka. Ita fim take kallo? Je ka leƙa hudar mana."

Na shiga cikin gida, na durƙusa inda take durƙusawa, na sa ido. Hudar tana bango ɗaya da talabijin. Ko gefen gilashin ba a hangowa. Abin da ake gani kawai kujerata ce. Shekara ashirin da biyar ina tausaya mata, ina cewa bari in matsar da talabijin don ta gani da kyau, tana cewa in bar shi, haka ya yi mata daidai. Ni kuma shekara shida ina ƙirga dawakai. Na ji kunya, na kuma ji kewarta fiye da ranar da aka ɗauke ta.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan la'asar, lokacin da marigayin ya saba fara aiki. Liman ya ce babu salla a kan ƙarfe, mun karɓa. Za a naɗe shi da bargon da ya zo da shi, a sa shi a bayan rumbu, da kaset na bakwai a cikinsa, ba za a fasa shi ba. Ana roƙon 'yan jari-bola su yi wa Allah su bi ta wata hanyar. Sauran shidan za su koma akwati da ƙyallensu. Ɗanasabe ya kawo gawayi don a rubuta musu suna, na ce ya mayar da abinsa. Mai yaɓen da zai gyara zaure bayan kaka kuma ya ji da kyau, kada ya toshe hudar nan.

Babu zaman makoki, kowa ya koma gonarsa. Amma za a tayar da janareta tun daga farko har a watse, a ajiye shi kusa da kujerata. Duk wanda ya ga ruwa a idona, ya san hayaƙi ne.