Bidiyon Biki a Wayar Kamfani

Wani kamfanin sayar da man girki a Funtuwa ya raba wa ma'aikatansa wayoyi don karɓar odar 'yan kasuwa. Kafin a ce me, wayoyin sun zama 'yan gida: yara na buga wasa, uwargida na tallan atamfa, kaka na jin wa'azi. Ranar da wani ya manta tasa a cikin adaidaita sahu, ba ko lambar sirri, ga lambobin abokan ciniki kaf a ciki, sai manaja, Alhaji Tanimu, ya tashi haiƙan. Ya kafa doka: kowace waya a kulle ta, ba aro, kuma duk wanda aka kama da abin da ba na aiki ba, za a goge wayar tas daga kwamfutar ofis, shi kuma ya kama gabansa. Alhaji mutum ne mai son doka, musamman wadda ba za ta ci masa ko sisi ba. Wajen maƙo kuwa ba a magana.

Sabitu direba ya shigo ranar Litinin yana dafe da ƙugu. Asabar da Lahadi a gidan Alhaji ya yi su, ana aurar da 'yar autarsa Nusaiba, kuma duk aikin da aka rasa mai yi, Sabitu ake ƙwala wa kira. Ko zama bai yi ba aka ce kowa ya miƙa wayarsa, Malama Rumasa'u mai kula da na'urorin kamfani za ta duba. Sabitu kuwa ya san abin da ke cikin tasa, ga iyali, ga aiki ya yi wuyar samu a garin.

Aka tara ma'aikata a ofishin manaja. Malama Rumasa'u ta ɗaga waya ɗaya ta ce, "Ranka ya daɗe, ta Sabitu ce. Cike take maƙil da hotuna da bidiyon biki, har manhajar oda ta ƙi buɗewa. Amma da za ka duba..."

"Ba na son gani!" in ji Alhaji, ya kawar da kai. "Ni zan zauna kallon shirmen mata? Sabitu, wayar kamfani ce ko shagon ɗaukar hoto?"

"Ta kamfani ce, ranka ya daɗe. Sai dai ina son in yi bayani a keɓe."

"Ba wani keɓe! A gaban kowa ka karya doka, a gaban kowa za ka amsa. Wane matsiyacin gida ne ma za a yi biki a kasa ɗauko mai hoto, sai an raɓa da kayan mutane?"

Malama Rumasa'u ta sunkuyar da kai tana gyaran mayafi. Sabitu ya so ya rufa wa mutumin asiri, Allah ya sani, amma kora ba abin wasa ba ce.

Alhaji ya buga tebur. "Malama, goge ta yanzu, kada ki bar ko hoto ɗaya! Kai kuma, kana da ta cewa kafin a ba ka takardarka?"

Sabitu ya cire hula, ya sosa ƙeya, ya ce, "A goge, ranka ya daɗe. Kamun Nusaiba ne, da ka ce kada a ɗauko mai hoto tunda ga wayar kamfani, kuma ba a tura wa kowa ba tukuna, har Hajiya uwar amarya. Ni dai da takarda zan koma gida. Kai ne ban san da me za ka koma wajen Hajiya ba."