Ranar da Na Yi wa Dodo Wanka

Ƙanena Sale ne ya aiko mini da shi daga Duwala: mutum-mutumin wani dodon fim, tsawonsa kamu ɗaya, aikin kamfanin da ke ƙera dodannin da ake gani a finafinai. Ya ce masu tara irinsu suna ƙaruwa, har wani likita a nan Garwa zai zo ya saya. In ta yi kyau, mun samu sabuwar harka.

Ina buɗe kwalin a shagona raina ya ɓaci. Sulken dodon duk tsatsa, ƙafafunsa kaca-kaca da laka. Na ce lallai 'yan mota sun wulaƙanta kaya. Shekara da shekaru ina sayar da kwanuka, ban taɓa miƙa wa mutum abu da datti ba. Na samo soso da sabulu na dirje shi tas, na bi shi da shuɗin fentin ƙofa. Maƙwabcina Hamadu tela ya leƙo, na ce masa, "Zo ka koyi kasuwancin zamani."

Likita ya iso, ya daɗe yana kallon dodon. Can ya ce, "Alhaji, ina tsatsar? Ai da hannu suka zana ta, ita muke saye."

Na ce, "Lakar fa?"

Ya ce, "Har ita."

Hamadu ya yi dariya har da hawaye. Sale dai ya yafe mini, dodon kuma yana nan kan kantar shagona yana sheƙi. Amma har yau, in tsohuwar mota mai tsatsa ta biyo layinmu, sai Hamadu ya ɗaga murya: "Direba, taka wuta, kada Alhaji ya gan ta!"