Daraktan Da Ya Yi Wa Kurmi Wanka

In ana lissafin manyan mutanen da Allah ya yi wa ƙasa kyautarsu, a fara da daraktan ofishin kula da kurmi, in lokaci ya ragu a waiwayi sauran. Bawan Allah ne da ilimi ya cika wa ciki har babu wurin zuba na wani. Ba a taɓa kai ƙarshen magana a gabansa ba. Kana buɗe baki zai ɗaga hannu ya ce, "Na riga ka sani." Ma'aikata suka raɗa masa suna Na-Riga-Ka. Da gulma ta kai masa labarin, ya ce ai dama ya sani.

Kurmin da yake kula da shi ragowar daji ne ɗan ƙarami, mai duhu da laima, inda ganye ke ɗigar ruwa ko da rana tsaka. Darakta yana ƙaunarsa ƙwarai, ta taga. Shiga ciki kuwa ɓata takalmi yake yi.

Ana nan sai babban sakataren ma'aikatarsu ya bugo waya. Ya ce masu katako sun nemi a sallama musu kurmin, don haka za a turo wata farfesa ta duba. In ta ga abin da ya isa a bar dajin, a bar shi. In ba ta gani ba, a rufe ofis, kujerar darakta ma ta bi. Sakatare ya ci gaba, "Abin da za ta duba kuwa shi ne..."

"Na riga ka sani," in ji Na-Riga-Ka, ya kashe waya.

To, me zai hana shi sani? Ya tsufa a aikin gwamnati. Duk baƙon da ya taɓa zuwa duba wani abu, shara ya duba, da farin fenti a duwatsun bakin hanya. Washegari ya sa farin takalmi, masinja na riƙe masa lema, ya kutsa kurmi a karon farko tun da aka naɗa shi. Bai yi nisa ba ya ja birki. A bayan ganyayen da ke ƙasa-ƙasa ya ga wasu tabo-tabo, wani fari-fari, wani kore, wani ruwan ƙwai, sun yi da'ira kamar makero a kan yaro. Ya juya wannan reshe, akwai. Ya juya wancan, har ya fi.

Ya tara ma'aikata a gindin bishiya, ya hau kututture.

"Jama'a, an ci amanata! Ni da ake buga misali da gugar rigata, a ce dajina ne da ƙazuwa? A ƙasashen da suka ci gaba, ganye sheƙi yake yi, mutum ya ga fuskarsa a ciki. Ban je ba, amma na sani. Daga yau kowane ganye sai ya yi wanka!"

Aka shiga aiki ba ji ba gani. Masu gadi suka ajiye sanduna suka ɗauki soso. Mai buga takardu ta koma ɗibar ruwa. Direba, da yake dogo ne, aka ba shi tsani. Ganyen da tabonsa ya yi taurin kai aka bi shi da buroshin haƙori. Wanda hannu bai kai ba aka datse reshen, abin da ya rage aka yi masa feshin maganin wanke banɗaki. Kumfa ta cika rafi, kwaɗi suka yi hijira.

Har gida abin ya kai. Matarsa ta nemi garin sabulunta da bokitan wanki ta rasa.

"Baban yara, wai ina kayan wankina? Yaran nan da me za su je makaranta?"

"Ke dai ba ki san aikin ƙasa ba," in ji shi. "Tarihi ne ya ari bokitinki."

Ranar zuwan baƙuwa kurmi ya fito tas, yana ƙamshin asibiti. Aka jera kujeru, aka ɗaura ƙyalle a bakin hanya. Farfesa ta sauko daga mota, wata 'yar tsohuwa da takalmin roba, da gilashin ƙara girman abu a wuya. Na-Riga-Ka ya tare ta da jawabin maraba mai tsawon gaske, wanda rabinsa tarihin rayuwarsa ne. Ta haƙura har ya gama, sannan ta shige daji da ɗoki irin na mai zuwa ganin jika.

Ta kama ganye, ta kara gilashi, ta saki. Ta kama wani. Ta durƙusa, ta miƙe, ta shiga lungu, ta fito da kumfa a gwiwa. Darakta na biye da ita yana murmushi, yana jiran yabo.

Can ta juyo wurin darakta. Ta ce an gaya mata a nan akwai wasu ƙananan halittu dangin gansakuka, masu zama a bayan ganye mai rai. Ba cuta ba ne. Ba sa cin komai na ganyen, haske da laima kawai suke so, kuma ba sa yawaita sai a dajin da ya daɗe ba a dame shi ba. Su ne shaidar da za ta kai don a hana sare kurmin. Ina suke?

A nan ne, jama'a, aka ga abin da ba a taɓa gani ba: wani ya kai ƙarshen magana a gaban Na-Riga-Ka. Ma'aikata suka sunkuyar da kai, kowa yana ɓoye hannunsa da sabulu ya cinye. Ni kam tausayinsu ya kama ni, don da hannunsu aka sa su wanke abincinsu.

Darakta ya yi gyaran murya. "Ranki ya daɗe, in kin ba mu mako guda, sai in ba da umarni su dawo."

Ta dube shi, ta dubi farin takalmin, ta shiga mota ba sallama.

Wata bai cika ba aka rufe ofis. Ranar da motocin katako suka iso, Na-Riga-Ka yana bakin ƙofa, ana fito da kujerarsa a kai. Shugaban masu katako ya zagaya kurmi ya dawo, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ce ya sare dazuzzuka ba adadi, amma bai taɓa samun mai tsabta irin wannan ba.

Darakta ya gyara wuyan riga, ya waiwayi ma'aikatansa da suka rasa aiki, ya ce wa mutumin, "Ɗan ɗaga murya, na baya ba su ji ba."