Ranar da Tahir Ya Goya Ni a Tekun Yanbu

Ko me zan manta na zamana a Madina, ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da muka yi wa Tahir rakiyar ban kwana zuwa bakin teku. Tahir maƙwabcina ne a unguwar Ranuna, mutumin Chadi, mai shagon labule. Shekaru muka yi muna shan shayi a ƙofar shagonsa bayan na taso daga kantin magani, Hausarsa tana ba ni dariya, tawa tana ba shi. Da ya yanke shawarar komawa gida gaba ɗaya, sai na ce lallai mu kwashi iyalanmu mu yini a Yanbu.

Dalilina na ɓoye shi ne na sayi babur ɗin ruwa na hannu, wanda a nan ake kira dabbab, kuma ina neman wanda zan burge. Tun daga Madina har muka wuce Badar bakina bai huta ba. Na gaya masa ni ɗan Yawuri ne, a bakin Kwara aka yanke cibiyata. (Gaskiya ne a can aka haife ni. Abin da ban faɗa ba shi ne mahaifiyata ba ta taɓa barin ko yatsana ya taɓa kogin ba.)

Tahir ya ce, "Ni fa ya akhi, ruwan da na sani na buta ne."

Na ce, "Kwantar da hankalinka, kana hannun gwani."

Matanmu suka shimfiɗa darduma suka jera kuloli. Na tura dabbab ruwa, muka saka rigunan kariya, ya hau bayana. Da farko abin ya yi kyau. Muka kewaya, iska na dukan fuska, Tahir na ta salati a kunnena. Sai na dawo daidai inda matan za su gan mu sosai, na kashe gudu, na fara yi masa lacca a kan yadda ake karanta igiyar ruwa.

Ashe a ƙasan bayan dabbab akwai ramuka biyu na tsiyaye ruwa, kowanne da murfinsa. Ni da hannuna na kwance su da na wanke shi a gida, na ajiye a aljihun mota. Muddin ana gudu ruwa ba ya samun shiga sosai, amma da na tsaya surutu, sai teku ta samu ƙofa a buɗe.

Tahir ne ya fara lura. Ya ce min, "Abu Hanan, haka yake yi dama? Na ji kamar muna zama a ƙasa."

Na ce haka tsarinsa yake. Na danna mai, injin ya yi tari, ya sake yi, ya mutu. Baya ya nutse, hanci ya ɗaga sama, sai ga mu cikin ruwa.

Daga nan labarin ya rabu biyu, nawa da na shaidu, kuma abin takaici nasu ne daidai. Na runtse ido, na cafki wuyan Tahir ta baya, na naɗe ƙafafuna a cikinsa. Na yi kalmar shahada da ƙarfi. Sannan na fara wasiyya: ya gaya wa matata Maman Hanan ta yafe min, ya gaya mata ni na fasa tangaran ɗin da ta zargi ƙanwarta. Ina ji muna motsi, na ɗauka igiya ce ke jan mu tsakiyar teku, na ƙara ƙanƙame shi.

Can sai na ji muryarsa a nitse. "Khalas, ya isa haka, ya akhi. Gaya mata da kanka, ga ta nan."

Na buɗe ido. Ruwan iya gwiwarsa. Inda muka kife ma bai wuce ƙirjinsa ba, sai kawai ya miƙe ya tako da ni a goye, mutumin da bai taɓa iyo ba. Ga matarsa ta toshe baki da gefen abaya, kafaɗunta na rawa. Ga wasu Larabawa sun bar gasa kifinsu suna kallo. Maman Hanan kuwa ta riƙe ƙugu ta ce, "To sauko mana, Baban Hanan. Maganar tangaran sai mun je gida."

Sauran yinin a kan dabbab ya ƙare. Muka jawo shi da igiya, nauyinsa kamar na raƙumi, muka ɗora shi a tirela muka ɗaga hancinsa. Ruwa ya yi ta bulbulowa ta ramukan nan biyu kamar yana yi min gori. Muka cire kujera, na kwashe na lungu da kofin shayi da soso, Tahir ya kwance fulogai muka juya injin ya feso abin da ya haɗiya, muka ɗauraye gishirin da ruwan shan da muka zo da shi. Duk tsawon aikin bai ce min uffan a kan Yawuri ba. Da muka zauna cin shinkafar da ta riga ta huce, shi ya tura min cinyar kaza, ya ce wanda ya dawo daga lahira ya fi buƙata.

Bayan 'yan kwanaki na kai shi filin jirgi. Shagon yanzu wani ne a ciki, yana sayar da wayoyi, kuma har yau idan na wuce nakan rage tafiya ba tare da na sani ba. Idan ya kira ni, kafin gaisuwa yakan tambaya ko akwai sabuwar wasiyya.

Dabbab yana nan, ya warke, kuma ba na tura shi ruwa sai na durƙusa na taɓa murafan da yatsana. Amma babban darasin ba na inji ba ne. Duk ranar da ka ga kamar taka ta ƙare, kafin ka fara tona asirin kanka, ka miƙa ƙafa tukuna ka ji ko akwai ƙasa.